Busasshe Nasa, Jiƙaƙƙe Nata

Mu biyar ne a ranar: ni, da yayata Asabe, da Innarmu kwance a tabarma da tsohon ciki, da Dada, mahaifiyar Babanmu, wadda ta zo daga Zungur jiran haihuwa. Na biyar Baba ne, amma shi yana ƙofar ɗakinsa, ya ba mu baya, wai gyaran fitila yake yi. A gidanmu na unguwar Ɗan Iya ke nan, tun rumfar girkinmu ta ciyawa ce.

Damina ce. Da la'asar ruwa ya sauko ba sallama, ya tarar da surfaffen geron Inna a shanye tsakar gida. Ita zazzaɓi ya kwantar da ita, mu muna ɗibar ruwa a maƙwabta, Dada ta je gaisuwar rasuwa. Baba na kan kekensa na ɗinki, taku huɗu tsakaninsa da shanyar. Ya ƙwala wa Inna kira sau biyu, bai tashi ba, don kwashe shanya ba aikin maza ba ne. Kafin ta lallaɓo, gero ya bi rariya.

Bayan magariba babu tuwo, sai dafaffen rogo. Dada ta ƙara itace a murhu. Har yau in na rufe ido ina ganin hayaƙin nan yana hawa a hankali yana ɓacewa cikin ciyawar rumfa, ina jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kwaɗi na kuka kamar daga wata duniya. Dada ta gyara zama za ta yi mana tatsuniya, ta ce, “Ga wata can tafe daga bayan dutse, wa zai ba ta wuri?”

Muka ce, “Ta zo nan kusa da wuta.”

Wai wani mutum ne da matarsa, kullum rigima kan wa zai yi wane aiki. Suka hau dutse wurin wata tsohuwa mai gashi kamar auduga, ta raba musu: duk abin da yake busasshe na miji ne, duk jiƙaƙƙe na mata. Itace nasa, rumbu nasa. Tulu nata, wanki nata, tukunya tata. Suka sauko suna murna.

Ran nan suka shanya geronsu na ƙarshe a kan fa. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Matar ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, “Busasshe ne, naka ne.” Mijin ya dubi sama, ya jira, ɗigo ɗaya ya faɗa cikin geron, ya ce, “Ya jiƙe, naki ne.” Ta ce ƙwaya ɗaya ce ta jiƙe. Ya ce to ta tsince tata, shi ya kwashe nasa. Suna cikin neman ƙwayar, sama ta buɗe.

“Dada, wa ya yi laifi?” in ji Asabe.

“Ke, ni alƙali ce? Je ki tambayi geron.” Ba mu take kallo ba, bayan ɗanta take kallo. “Ta ƙare, ta koma bayan dutsenta. Malam tela, fitilar nan ba ta gyaru ba ne?”

Baba ya ci gaba da murza fitilarsa. Amma daga baya na sha ganinsa, in hadari ya taso, ya waiga hagu da dama, ya naɗe shanya da sauri ya tura rumfa.

Ni kuwa abin da na ɗauka daban ne. Na ce mace mai shanya a waje ba ta kwanciya, ko tana mutuwa. A kan haka na yi aure, a kan haka na tashi 'ya'yana. Ɗana namiji bai taɓa riƙe muciya a gidana ba, kuma ina alfahari da hakan.

Bara da damina na je jinyar ido, na sauka wurin autana Sadiƙu a GRA. Matarsa Rukayya nas ce. Yammacin farko na ji motsi a kicin, na leƙa da idona mai gani, sai ga ɗana ya naɗe hannun riga yana tuƙa tuwo.

“Sadiƙu! Matar gidan ta rasu ne ba a gaya mini ba?”

“Tana wurin aiki, Mama. Tun asuba take tsaye.”

“Kai kuma tun asuba kana kwance?”

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Can ta shigo, takalmi a hannu, ƙafafu a kumbure. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa da ƙyar. Na ƙudura gobe zan hau Keke Napep in je gidan iyayenta, su zo su ɗauki 'yarsu su koya mata aure. Har mayafin fita na ciro na ajiye kan kujera. Na san in na yi maganar nan, gidan ba zai koma daidai ba.

Tuwon duk gudaji ne. Na ci loma uku na ture.

Na kwanta ke nan ruwa ya fara sauka a kan kwano, ƙanshin ƙasa ya shigo ta taga. Sai ga rumfar ciyawa, ga hayaƙi, ga Inna tana ƙoƙarin tashi da cikinta. Duk tsawon rayuwata ita nake kallo a labarin nan. Ban taɓa ƙirga takun nan huɗu da Baba ya ƙi yi ba. Ashe ni na haifi wanda zai taka su, ga ni kuma ina shirin mai da shi kan keken ɗinkin kakansa.

Da safe Rukayya ta fito da tsintsiya, idonta ja. Na karɓe, na ce ta koma ta kwanta, ba shawara nake ba ta ba. Na ninke mayafin na sa a jaka, na shiga kicin na ɗora ruwa.

“Sadiƙu! Zo nan. Ɗauko muciya.”

“Mama, tuwo da sassafe?”

“Talge za ka koya. In dai za ka ciyar da 'yar mutane, ba da wannan gudajin ba.”