Agogon A-kori-kurar Baba

Iya Hajara ta iya tatsuniya, kuma ta iya mugunta, sai dai muna yara ta farkon kawai muka sani. Ita ta haifi Babanmu, sunanta kuma aka sa mini. Shi ya sa Baba ba ya kama sunana. Uwata yake ce mini, ko a gaban baƙi ne. Ita ma Iya ba ta kama nasa, don shi ne ɗanta na fari. In zancensa ya taso sai ta ce "wancan", in ranta a ɓace yake ta ce "mai mota". Ban taɓa ganin sun zauna a tabarma ɗaya ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Minjibir, inda gona ke manne da gona, maƙwabci kuma yana jin tarin maƙwabcinsa. In an yi kaka an kai amfani rumbu, karan dawa sai ya wadata, Iya ta sa a jibge mata shi a ƙofar ɗakinta. Ana idar da isha'i za mu kewaye ta, mu jikoki wajen takwas, ta hura wuta, ta binne gyaɗa a cikin toka, ta miƙe ƙafafunta tana shafa wa fasonta man kaɗanya. Wurina ba a taɓa shi. Gefenta na dama ne, kaina a kan cinyarta, ina shaƙar hayaƙi da ƙamshin daddawar da ba ya rabuwa da zanenta. Takan ce, "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne, ta sauka." Har yau ban ji muryar da ta kai tata daɗi ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na daina kewar waɗannan dararen ba.

A shekarar da nake magana, ina da shekara tara. Baba direba ne, yana da wata tsohuwar a-kori-kura, irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda ta girmi auren iyayena. Da ita yake kai gero da wake Dawanau. Wata rana a can kasuwar yana tsaye ana lodi ya yanke jiki ya faɗi. Aka dawo mana da shi ɓarinsa na dama ya shanye, yana jan ƙafa, yatsun hannunsa a dunƙule. Wani direba ya kawo motar ya ajiye ta a gindin tsamiya, bayan dangar da ta raba ta da ƙofar ɗakin Iya. Nan ta zauna har tayoyinta suka sace, kaji suka soma ƙwai a bayanta.

Likita ya ce masa ya riƙa ba yatsun aiki, ƙananan abubuwa, kada ya bar su su kwanta. Wasu tsintar tsakuwa suke yi a cikin shinkafa. Shi sai ya zaɓi agogon da ke jikin allon gaban motar, wani ɗan zagayayye da bai wuce murfin gwangwanin madara ba. Tun kafin ya sayi motar agogon yake a mace, kuma bai taɓa kula shi ba. Ina zaune ya ce wa Innarmu, "Ranar da agogon nan ya motsa, hannun nan zai iya ja giya. Ranar zan koma hanya." Kafin magariba kowa a gidan ya ji wannan magana.

Kwana biyu ya yi yana kwance ƙusoshi biyun da suka riƙe agogon, sukundireba na suɓuce masa yana ɗauka. Da ya ciro shi sai ga zanzaro ya yi ɗaki a bayansa. Ya kankare lakar da tsinke, ya buɗe murfin, ya jera kayan cikin a kan farantin shayi bi da bi, don kada ya manta wanda ke bin wani. Wasu 'yan ƙafafu ne masu haƙora, wasu ba su kai ƙwayar wake ba, da wata waya a naɗe siririya kamar gashi. Yakan jiƙa gashin kaza a kananzir ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya yana wanke baƙin man da ya daskare. Yakan ɗebo man keken ɗinkin Inna a bakin allura ya ɗiga. Gilashin kuwa da toka mai laushi ya goge shi. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne matsefata. Kafin yatsunsa biyu su yarda su matse ta, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. In wata ƙafa ta faɗi cikin ƙasa, zai iya kai la'asar yana laluben ta, kuma ba ya yarda kowa ya taya shi.

Iya ba ta taɓa son motar nan ba. A ganinta ita ta raba ɗanta da gona, ta bar wa 'yan ƙodago noman gado. So take a sayar da ita a sayi shanun huɗa, ta faɗa wa Inna, ta faɗa wa maƙwabta, ta faɗa wa mai tallar kuka. Shi kaɗai ne ba za ta iya tara da maganar ba, don kunyar ɗan fari. Amma ta san bayan isha'i yana cikin motar da cocila, kuma danga ba ta tare magana.

Wani dare ta ce yau sabuwa za ta yi mana. Wai an yi wani ɗan fatake mai jaki, ya ɗaura wa jakin ƙararrawa a wuya don ta riƙa korar masa kura a hanya. Ran nan a tsakiyar daji jakin ya faɗi ya mutu, ya danne wa mutumin hannu ɗaya har ya lalace. Matafiya suka ce masa ya tashi su tafi gida. Ya ce a'a, ai jakin lafiyarsa ƙalau, ƙararrawar ce ta toshe, da ta yi ƙara zai miƙe. Ya zauna yana sakace ta da hannu ɗaya. Ungulu suka cinye idon jakin, yana sakace. Suka buɗe cikin, yana sakace. Iya ta lanƙwashe hannunta na dama ta manna a ƙirji, ta karkace baki, tana kwaikwayon yadda yake yi. Muka yi ta birgima don dariya.

Sannan ta sa waƙa, mu kuma muna amshi:

"Kilin-kilin, jaki ya tashi?"

"Bai tashi ba, yana nan kwance."

"Kilin-kilin, mai hannu ɗaya?"

"Yana nan zaune, yana ta fama."

A ƙarshe ƙararrawar ta yi ƙara. Mutumin ya yi ta kaɗa ta yana murna. Iya ta sassauta murya ta ce, "Kura kuwa tana can nesa ba ta san da shi ba. Ƙarar ce ta nuna mata hanya. Ta zo ta duba jaki ba nama, ta duba mai jaki, ta ce to, kai da ka kira ni." Ta tafa hannu sau ɗaya. "Na sauke ta a nan, kowa ya ɗauki rabonsa."

Ta tsakanin karan dangar na ga hasken cocilar Baba ya mutu.

Dare biyar a jere muna roƙon ta mai jaki, tana yi, kullum da ƙarin gishiri. Inna ta taɓa leƙowa ta ce, "Iya, a canja musu wata mana." Iya ta ce, "Su suka roƙa. In hana jikokina?" Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa ban gane da wa ake ba. Ƙarya nake. Yarinya 'yar shekara tara ta san mai hannu ɗaya a gidansu. Na gane sarai, dariyar ce ta yi mini daɗi, kuma ni na fi kowa iya waƙar, har Iya kan shafa kaina ta ce takwararta ta gaje ta.

Ranar wata Alhamis da hantsi muna wasa a ƙofar gida na ji Baba yana kira, "Uwata, zo ki ji wani abu." Na taho, sauran yaran suka biyo ni. Yana zaune a kujerar direba, ƙofa a buɗe, batirin da ya aika aka yi wa caji a Minjibir yana ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya haɗa wayoyi biyu. Agogon na tafin hannunsa na dama, gilashi na ƙyalli, kuma yatsun sun riƙe shi ba sa rawa. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin ciwon.

Ya ce, "Ko Innarki ba ta ji ba. Ke ce ta farko."

Ya kara mini shi a kunne. Yana bugawa, a hankali, daidai, ba ya tsallake. Na ji shi da kyau. Wata uku na gumin mahaifina ne ke motsi a kunnena, kuma ya zuba mini ido yana jiran abin da zan ce.

Sai wani daga cikin yaran ya ce "kilin" ƙasa-ƙasa, wata ta toshe baki. Na waiwaya na ga duk ni suke kallo, don ni ce mai bayarwa. Ba wanda ya tilasta mini. Na buɗe baki da muryar Iya, har da yadda take jan ƙarshen kalma, na ce, "Kilin-kilin, jaki ya tashi?" Suka amsa da tafi. Na ce, "Kilin-kilin, mai hannu ɗaya?" Na ma lanƙwashe hannuna a ƙirji.

Baba bai ɗaga murya sosai ba, amma ta isa ta ƙetare danga. Ya ce, "Hajara, ya isa."

Ban fara gane da ni yake ba. Daga cikin gida sai na ji dakan da Inna ke yi ya tsaya. Iya na zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, ta ji ɗanta ya furta sunanta da bakinsa, karo na farko tun da ta haife shi. Yaran suka sulale ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni tsaye. Ina kallo ya sa yatsa biyu na hannun nan mai ciwo ya zare wayoyin, tsaf, ba kuskure. Ya mayar da agogon cikin raminsa bai ɗaure ba, ya fito ya rufe ƙofar motar.

Ba a yi mako biyu ba wasu mutane suka zo daga wajen Tofa suka ɗaure motar a bayan wata suka ja ta. Aka kawo shanu biyu. Iya ta samu abin da take so, sai dai wanda za a ba igiyar ba ya nan. Baba ya zura hannunsa a aljihun riga ya bar shi can. Kafin damina ta zagayo yatsun sun koma sun dunƙule, sun sandare, ko cokali ba sa riƙewa. Ƙanensa ne ya yi huɗa da shanun. Shi kuwa ya zama mutumin da ke zaune a gindin tsamiya yana amsa gaisuwa. Bai doke ni ba, bai yi mini faɗa ba, kuɗin makarantata bai taɓa makara ba. Sunan Uwata ne kawai bai dawo ba.

Bayan na yi aure na haihu, na je gida na tarar da Iya ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, amma baki na nan. Ina matsa mata ƙafa na tambaye ta dalilin da ya sa ta yi waccan tatsuniyar. Na ma kawo mata mafita da kaina, na ce, "Iya, ko tsoro kike ji kada ciwon ya sake kama shi a kan hanya?" So nake ta ce e, don in samu abin da zan riƙe.

Ta ce, "Wace tatsuniya?"

Na tuna mata. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Oho, ta mai jaki. Ai ta yi daɗi." Ta janye ƙafarta. "Ni da dare na yi tawa, a bakin wuta, ban kama sunan kowa ba. Ke kika ɗauke ta kika kai rana. Na aike ki?"

Ba ta aike ni ba. Wannan ne abin da na kasa haɗiyewa har yau. Muna yara ana tsorata mu cewa mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi a daji, muna ɗauka wayon manya ne don mu tafi aike. Yanzu ina ganin waɗanda suka kafa dokar sun san me ake zubawa a cikin tatsuniya. Sun san akwai maganar da babba ke naɗewa a cikin jaki da kura don ba zai iya faɗinta ido da ido ba, kuma sun san yaro ba ya naɗe komai. Iya ta wasa wuƙa ta ajiye a gabana. Ni na ɗauka, don kawai yara bakwai su tafa mini.

'Ya'yana kan ce in yi musu irin ta kakata. Nakan yi, amma sai na fara duba wa ke zaune kusa, kuma ba na sa waƙa.

Iya ta rasu shekaru da dama ke nan. Na ɗauka in mai sunan ta tafi wani abu zai sassauta. Baba yana nan da ransa, ya haura saba'in. Duk Juma'a nakan kira shi, in ji yana lalubar wayar da hannun hagu. Yakan tambayi maigidana, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya sa mini albarka mai tsawo, kuma na san har zuciyarsa yake yi. Ni kuma nakan ja hirar, in ƙi yin sallama, ko bakinsa zai suɓuce sau ɗaya. Sai ya ce, "To, Hajara, a gaida gida," ya kashe.