Fushin da Mai Kati ke kaiwa gida

Duk wanda ya shigo asibitin, fuskar Mai Kati yake fara gani. Tagarsa 'yar ƙarama ce mai raga, bayansa kantoci cike da fayil har rufi, ga wata fanka da ƙararta ta fi iskarta. Tun yana saurayi yake zaune a wurin, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Da can mutum ne mai barkwanci, tsofaffi har tsayawa suke su sa masa albarka. Amma aikin taga a hankali yake cin mutum. Likita ya makara, Mai Kati za a zaga. Magani ya ƙare, shi ne. Kwamfuta ta ƙi aiki, shi ne dai. Shi kuwa sai "Yi haƙuri, Baba," "Ki yi haƙuri, Inna," ya haɗiye, ya kira na gaba.

Abin da ya haɗiya a taga, a gida yake amayar da shi. An bar takalmi a bakin ƙofa, faɗa. Rediyo ya yi ƙara, faɗa. Matarsa ta gaji da tanka masa, ta koma bin sa da ido. Wata rana da yamma ya shigo, 'yar autarsa na tsakar gida tana yi wa 'yar tsanarta waƙa. Tana jin sallamarsa ta yi gum, ta tattara kayan wasanta ta shige ɗaki sumsum. Ya bi ta da kallo, ya kwana da abin a ransa.

Washegari ya je wurin Sista Babba, tsohuwar nas da suka daɗe suna aiki tare, ya ce ta auna masa jini.

"Jininka lafiya lau," ta ce tana kwance abin awon. "Kanka ne ya gaji. Yaushe rabonka da cin abincin rana ba a bakin taga ba?"

Ba ta jira amsarsa ba ta ci gaba:

"To ka dinga fita ka ci a waje. Ka ajiye babur, ka taka zuwa gida, fushin ya zube a hanya. Ka daina kwanciya da waya a hannu. Kuma ka nemi wanda za ka faɗa wa abin da ke ranka. In abin ya ƙi, akwai likitan da aikinsa ke nan."

A baki da sauƙi. Ranar da ya fara rufe taga ya koma gindin bishiyar bayan ɗakin gwaji, lomar farko bai haɗiye ba sai ga wani ya biyo shi da kati a hannu: "Ranka ya daɗe, minti ɗaya." Tafiyar ƙafa kuwa takalmi ya ci masa dunduniya, mota ta watsa masa ruwan kwata, maƙwabta suka dame shi da "Lafiya? Babur ɗin ya lalace ne?" Waya ya ajiye ta, sai tunani ya maye gurbinta.

Da ya je wa Yayansa da maganar, ko ƙarasawa bai yi ba aka katse shi.

"Damuwa? Kai da kake zaune a inuwa ƙarƙashin fanka? Ka zo ka ga masu aiki a rana. Ka yi haƙuri kawai."

Ya tashi ransa a ɓace. Ashe haka kalmar nan take ba gishiri a kunnen wanda aka faɗa wa.

"Maganinki bai yi ba, Sista," ya ce mata a baranda.

"Abin da ka yi shekara da shekaru kana tarawa, yau-yau kake so ka zubar? Wa ka faɗa wa?"

"Yaya."

"Ka tsallake wadda kuke kwana ɗaki ɗaya ka tafi wurin Yaya? Allah ya shirye ka."

Da yammar ya iso gida jiƙe da gumi. Matarsa ta ce, "Wai ni kam, ina babur ɗin?" Bakinsa ya buɗe da niyyar faɗa, sai ya zauna a kan benci ya cire takalmi.

"Na gaji," ya ce. "Ba gajiyar ƙafa ba."

Ta ce, "Mun sani, Baban yara. Mu ma mun gaji."

Maganar ta yi masa zafi, amma bai musa ba. Suka yi shawara: in ya dawo, kar a kawo masa ƙarar kowa sai ya yi wanka ya huta. Shi kuma in ya ji abin na taso masa, ya fita.

Ba a ce komai ya gyaru ba. Layin taga na nan, zagin ma na nan. Kwanan baya ya yi tuntuɓe da bokiti a tsakar gida, ya daka wa kowa tsawa kafin ya tuna. Ya fice yana huci, ya kai har mahaɗar titi, ya tsaya yana kallon motoci, haushin kansa ya fi na bokitin. Da ya dawo sai ya tsaya a ƙofar kicin yana sosa ƙeya.

"Ɗazun nan... ban kyauta ba."

Matarsa ba ta ɗago daga kan tukunya ba. "Ashe bakin ya iya," ta ce. "Miƙo min murfin can."