Mai Askin da Ake Barci a Kujerarsa

Lallaɓa ake ce masa, domin shi bai san gaggawa ba. Shagonsa na aski ɗan ƙarami ne: kujera ɗaya mai juyawa, madubi mai tsaga a gefe, da benci na masu jira. Idan ya shafa maka kumfa ya ɗora reza, sai ka rantse iska ce ke wucewa. Rabin mutanen layin a kujerar nan suke rama barcinsu. Mai faci, maƙwabcin shagonsa, shi ne gwanin minshari, har Lallaɓa kan ce masa, "Kai dai ba aski ke kawo ka ba, katifa ce ba ka da ita a gida."

Kullum da safe sai ya sayi jarida ya ajiye a benci, don masu jira su sami abin musu. Wadda ta kwana kuwa, mai ɗakinsa ce ke yanka ta gunduwa-gunduwa, yana goge kumfar reza da ita.

Yana saurayi ya yi ciwon taɓin hankali. Barci ne ya fara ƙaurace masa, daga nan ya shiga gari, ba wanka ba wanki, sai da yayansa ya gano shi a bakin tasha ya kai shi asibiti. Ya jima yana jinya, ya warke, ya koyi sana'a, ya yi aure, ya aurar da 'yarsa ta fari. Har yau yana shan ƙwayarsa bayan cin abincin dare, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Manyan layin sun sani, sun ma manta.

Ashe a kwanakin tashar nan wani mai kamara ya ɗauke shi hoto.

Wata safiya ya buɗe jarida sai ga manyan baƙaƙe: wani mahaukaci ya sari mutum a wani gari mai nisa. Ƙarƙashin kanun kuma ga hoton wani matashi zaune a ƙasa, gashi a cukurkuɗe, riga a yage. Ya duba kunnen hagu, ga tsagar da ya samu tun yana yaro. Shi ne. Can ƙasa, da rubutun da sai mai tabarau, an sa wai tsohon hoto ne daga ajiya. Wa ke karanta wannan, don Allah? Su dai masu jarida, duk ranar da labari irin wannan ya taso, sai su laluba ajiyarsu su zaro fuskar bawan Allah su manna. Ba ruwansu da ko ya warke, ko yana da surukai. Abin da takaici.

Mai ɗakinsa ta kawo masa abin kari ta tarar da shi tsaye. Ta leƙa, ta gane.

"Baban yara, ba ni ita in kai murhu."

"Ki ƙone ta gari duka?" in ji shi. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bar ta."

Ya ninke ta ya ajiye a benci kamar kullum.

Ba wanda ya yi masa maganar hoton. Ba a daina gaishe shi ba, ba a daina zuwa ba. Sai dai wanda ya zauna yakan ce, "A sa inji a kan kawai, gemun a bar shi." Direban makaranta ya ce fatarsa ce ke ƙuraje. Tela ya ce matarsa ce ta ce gemu na yi masa kyau, tela da haɓarsa ba ta tara gashin kirki ba tun da aka haife shi! Kafin wata ya ƙare, gemu ya zama yayi a layin. Reza na kwance a aljihun tebur, kuma ba wanda ya ƙara runtse ido a kujerar. Ta madubi suke bin hannunsa da kallo. Wannan kallon ne ya fi yi masa ciwo, har ya ce wa mai ɗakinsa ciwon farko bai kai shi zafi ba, domin a lokacin bai san ana kallonsa ba.

Ya je ofishin jaridar sau ɗaya. Wata yarinya mai ladabi ta ba shi kujera, ta ce ai ba su ce shi ne ya yi saran ba. Ya ce ya sani. Ta ce za a duba. Ya yi godiya ya dawo shago.

Mai faci kuwa ya ɗauke ƙafa, daga bakin ƙofa yake ɗaga hannu. Ran nan da rana tsaka sai ga shi ya shigo, haɓa ta yi buzu-buzu, yana goge baƙin mai a wando. Ya zauna, ya kafe madubi da ido.

"Lallaɓa, ni ban iya kwana-kwana ba. Tsoro na ji. Na san ka tun ba ka da furfura, amma da na ga hoton nan sai zuciyata ta yi ta raya mini banza. Har yanzu ma da saura."

"Na sani, maƙwabci."

"To aske. Da reza."

Lallaɓa ya buɗe aljihun tebur, ya sa sabuwar reza a gabansa, ya kaɗa kumfa. Wuyan mai faci ya sandare kamar icce, hannuwansa sun damƙe kujera. Lallaɓa bai ce ya saki jiki ba. Ya fara daga kunci, a hankali, yana gogewa a guntun jarida, yana komawa. Ya gama dama ya koma hagu. Da ya ɗaga haɓar zai bi maƙogwaro, sai ya ji kan ya yi nauyi a tafinsa.

Minshari ne, irin na da, mai kama da tsohon janareta.

Ya ƙarasa askin, ya goge masa fuska da tawul. Wani mai mota ya leƙo yana neman mai faci, wai tayarsa ta sace. Lallaɓa ya ɗora yatsa a baki, idonsa cike da ƙwalla.

"Yi haƙuri ka ɗan jira," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Barci yake yi."