Katunan da Mama Ta Jera Mini

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, ba na jin zan manta da safiyar da na buɗe kwalina a rumfar wata mai abinci a tashar Suleja.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, kamfanonin safiyo masu awon filaye sun cika garin saboda aikin sabon babban birni. Ni kuwa na koyi rubuta wa kwamfuta umarni a Kaduna, sai kamfaninmu ya rufe, mai gidan haya ya karɓe ɗakinsa. Na iso Suleja da riga biyu da kwali ɗaya. A barandar wani masallaci nake kwana, da safe in yi wanka a rafi, in tsuke wando in fito kamar wanda ya kwana a otal. Girman kai gare ni a lokacin, ba kaɗan ba.

Yaran yanzu ba su san kati ba. A zamaninmu kowane layi na umarni a kan kati guda ake huda shi, a jera katunan bi da bi, a ba inji ya karanta. Kati ɗaya ya bar gurbinsa, aikin duka ya lalace. Nawa sun kai ɗari huɗu, lissafin filaye ne da na shafe wata shida ina yi, kuma su kaɗai ne shaidar cewa na iya wani abu.

Wurin mai abincin nan na ba da ajiyar kwalin. Mama muke ce mata, matar wani malamin firamare ce daga wajen Jos. Da ta tambayi abin da ke ciki, na ce, "Takardu ne kawai." Na ƙara da cewa a gidan kawuna nake zaune a unguwar Bagama.

Bayan na gaji da yawo, wani injiniya a kamfanin safiyo ya ce mini, "Ka zo Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya da aikinka mu sa a inji. In ya tafi, ka samu aiki. In bai tafi ba, akwai mutum biyu a bayanka."

Ranar, ƙarfe takwas ina rumfar Mama. Ta tarbe ni da fara'a. "Ɗana, jiya ruwa ya zubo wa kwalinka, amma kar ka damu. Na shanya su duka, na danne da turmi, har na gyara maka su." Na buɗe. Farare gefe guda, rawaya gefe guda, jajaye gefe guda, kowanne an ɗaure da zare tsaf. Launin nan ba shi da wata ma'ana, ragowar katunan ofis ne nake tsinta, wanda na samu in huda.

"Mama, kin kashe ni!" Haka na daka mata tsawa a gaban mutane. Har yau ina jin kunyar wannan.

Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Kai ka ce takardu ne kawai. Da ka gaya mini gaskiya, ko taɓa su ba zan yi ba." Sai ta rage murya. "Kuma kawun naka na Bagama, shi ne barandar masallaci? Kullum ta can nake bi zuwa niƙa."

Na zauna daɓas a kan benci. Ita kuwa ta ɗauki kati tana juyawa. "Wannan baƙin ɗigon da ke bakin kowanne fa, na mene ne?"

Wallahi na manta da shi sam. Malamin da ya koya mana aikin ba ya karɓar katunan kowa sai an haɗe su an ja layi a karkace a bakinsu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Muna yi muna gunaguni. Na yi mata bayani cewa in katunan suna kan tsari, ɗigogin za su haɗu su zama layi guda.

"Ato, tsintar shinkafa ce," in ji ta. Ta rufe tukunya, ta ce wa direbobi abinci ya ƙare, alhali tukunyar cike take. Ta baza faifai biyu. Ita tana bin ɗigo da ido tana tarawa kashi-kashi, ni ina karanta rubutun saman kowane kati ina daidaitawa. Sau biyu layin ya karye muka koma baya. Ƙarfe goma da rabi ta wuce kafin ya miƙe.

Da gudu na isa, gumi ya jiƙa rigar da nake ji da ita. Injin ya fara zuƙe katuna, ina salati a zuci, can sai ya tsaya cak. Kati ɗaya ya kumbura da ruwa. Injiniyan ya dubi agogo, ya dube ni, ya ce, "Minti biyar, ka huda wani." Na huda, aka sake sawa. Da takarda ta fara fitowa da lissafin filaye a jere, sai da na dafa tebur.

Ya miƙo mini fom. Na cike komai, na tsaya a kan adireshi. Bakina har ya ɗauko kawun Bagama, sai na ce, "Oga, ba ni da ɗaki. A masallaci nake kwana." Ya ce akwai gado a sansanin ma'aikata, tun ranar farko da na faɗa da an ba ni. A gurbin adireshin na rubuta rumfar Mama, tasha.

Yanzu in na ga matasa masu rubuta manhaja suna kwana a tasha da kwamfuta a jaka, suna sammakon neman aiki Abuja, abu biyu nake gaya musu. Ka yi wa aikinka alamar da za ta dawo maka da shi in ya watse. Sannan duk wanda ka ba ajiyar kayanka, ka gaya masa abin da ke ciki da halin da kake ciki. Ni na ɓoye wa Mama, ashe kullum da safe tana wuce ni a kwance.