Amalanken da ya kawo Habi daga Gabi

Har yau ban manta da ranar da aka kawo Habi ba. Damina ce, shekarar da soja suka karɓi mulki, ina unguwarzoma a dispansar, wato ƙaramin asibitin Madarumfa. Shugabanmu infirmiye ne, wato ma'aikacin jinya, muna ce masa Majo, duk magani daga hannunsa yake fita.

Na san Habi, 'yar ƙauyen Gabi ce. Da rani ta zo da mijinta Ila, direban kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa Jibiya. Haihuwarta ta ƙarshe saura kaɗan ta tafi da ita, ga goyo bai fara zama ba. Ila ya ce, "Majo, ku ba ta abin da za ta huta."

Majo ya leƙa waje kafin ya amsa. "Dokar da Nasara ya bari, wadda ta haramta ƙwayar hana ɗaukar ciki, tana nan. In na ba ta ƙwaya, jandarma ne za su zo."

Da damina ta faɗi, sai ga ta kwance a amalanke, zanenta sharkaf da jini, idonta ya yi fari. Ciki ya shiga a kan goyo, ta sha jiƙon sassaƙe da bular wanki don ta zubar da shi. Gulbi ya cika ya yanke hanyar Maraɗi, ba inda za mu kai ta. Na ɗaga ƙafafunta, Majo yana neman jijiya don sa mata serom, wato ƙarin ruwa, jijiya ta ɓuya.

Ta riƙe mini riga. "Inna, kar ki bari yarona ya tashi maraya."

Na ce, "Yi shiru, ɗiyata, yi ta salati." Ni kaina ban sa rai ba.

Wajen la'asar jinin ya tsaya. Majo ya ja Ila gindin bishiyar bedi, ina ji ya ce masa, "In ka je Katsina, tambayi asibitin mata. Amma ba a bakina ka ji ba."

Ila ya samo mata ƙwayar a Katsina. Habi ta huta shekaru, ta sake haihuwa lafiya, ni na karɓi ɗiyar.

Ku da kuke aikin asibiti yanzu, ƙwayar tana kan teburinku. Matar da ta zo nema aka sallame ta hannu banza, ba haƙura take yi ba. Wata hanya take nema, kuma ba kowacce ce jininta ke tsayawa ba.