Linzamin da Malam ya bari a makiyaya

Malam, mijina, ya rasu ne cikin bazara, 'yan shekaru bayan Dutse ta zama babban birnin jiha. Har yau in na zo kan maganar nan sai muryata ta karye, don haka ke mai rubuta mini, in kin ga na yi shiru ki jira ni.

Ƙauyenmu yana gefen Kiyawa. A lokacin duk wanda ya samu hali babur yake saya, amma shi Malam bai rabu da goɗiyarsa ba, wata ja mai farin goshi. Ita yake hawa zuwa gona da kasuwa da gaisuwar mutuwa. In harawa ta ƙare, sai ya shimfiɗa mata buhu a baya, ya hau ya kai ta makiyayar da ke arewa da gari. Can zai cire mata linzami, ya sa mata dabaibayi a ƙafa ta yi kiwo, shi kuma ya zauna a inuwa yana jan carbi.

Linzamin ba nasa ba ne. Nasa ya karye, sai ya aro na yayansa, wanda shi ma gadonsa ya yi daga mahaifinsu. Tsohon ƙarfe ne, ƙirar maƙeran da, igiyarsa ta jar fata. Yaya bai ba da shi da daɗin rai ba. Tun suna yara yake cewa ƙanin nan nasa ba ya riƙe abu.

Wata rana bayan azahar, Fulani makiyaya suka tsinci Malam kwance a bakin burtali. Suka kawo shi gida a amalanke, goɗiyar tana biye, ragama kawai a kanta. Ɓarin jikinsa ya mutu, bakinsa ya karkace. Na durƙusa ina ba shi ruwa yana zubewa. Da ƙyar ya haɗa magana, ya ce, "Linzamin Yaya. A mayar masa."

Na ce, "To, Malam. Ina yake?"

Ya ɗaga hannun da ya rage masa ya nuna arewa. Bai ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, labari aka kawo mini. Wai da liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci, kowa ya ce ya yafe. Shi kuwa Yaya ya ce ya yafe komai, amma linzamin mahaifinsu a kawo masa. Aka ce za a saya masa sabo daga Kano, ya ce shi ba sabo ya ba da aro ba. Haka aka rufe Malam da maganar nan a wuyansa.

Na shiga takaba, ba dama in fita. Mazan gidanmu suka je inda aka tsince shi, suka bincike wurin, suka dawo hannu wofi. Na sake tura su, suka sake dawowa. Daga baya in na ɗauko zancen sai kowa ya tuna yana da aiki a gona.

Ni kuwa zama ya gagare ni. In na ɗauki tsintsiya sai in ajiye, in na hura wuta sai in manta abin da zan ɗora. Sai in je bakin danga ta wajen arewa in tsaya, ba abin da nake gani sai kan itatuwa. Da ruwan farko ya sauka mutane suna murna, ni ina kuka, don na san ciyawa za ta taso ta rufe komai, gara kuma ba ta barin fata. Na ce wa mai mutuwa to. Kullum ina ganin kamar yana can kwance yana jiran ya ji an kai.

Akwai wata Bafillatana da ta daɗe tana kawo mini nono, mun shaƙu. Mijinta yana cikin waɗanda suka tsinci Malam. Wata rana ta sauke ƙwaryarta ta dube ni, ta ce, "Ƙawata, kin rame kamar saniyar rani. Furar ma ba kya sha? Ko so kike a ce nonona ne ba kyau?"

Na ce, "Nononki da kike cika wa ruwan rafi?"

Ta yi dariya ta ce, "Kai, Haɓe ba godiya!" Sannan ta zauna, ta ce har gobe mijinta yana maganar Malam. Wai ko da suka ɗaga shi, igiyar dabaibayi tana dunƙule a hannunsa, ragamar goɗiya kuma naɗe a ɗaya hannun, da ƙyar suka ɓamɓare yatsunsa.

Ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Malam ba ya kwance dabaibayi sai zai taho gida. Ashe ya riga ya taso daga inda suka yi kiwo. Ciwon ya kama shi tun can, ya kasa sa mata linzami balle ya hau, sai ya kama ragama ya biyo ta da ƙafa har inda ƙarfinsa ya ƙare. Duk neman da aka yi, a kan hanyarsa ta dawowa aka yi shi. Inda ya zauna kuwa ba wanda ya sani, don shi ba ya zaɓar mata wuri. In sun shiga makiyaya sakar mata kai yake yi ta tafi inda take so.

Sauran kwanakin takaba a tsaye na yi su. Kafin in fita magada suka yanke shawarar za a kai goɗiyar kasuwar Shuwarin, tunda ba mai hawanta. Na roƙi a dakata mini. Aka ce to, amma ba da yawa ba, ga aikin gona, ba mai yi mata ciyawa.

Washegarin da na fita takaba na kwance ta daga turke da kaina. Tsohuwa tana jan doki a tsakar gari, ai abin kallo ne. Wani dattijo a gindin darbejiya ya ce, "Inna, hawa za a yi ne? Mu kawo miki likkafa?" Na ce, "Kawo, in na hau kai zan fara bankewa." Suka yi dariya, ni kuma ina wucewa hawaye suka zubo.

Makiyayar ba yadda na san ta ba ce. Mutane sun ci gefenta da gonaki, ciyawa ta kai mini ƙugu. Na saki ragama na bi ta a baya. Abin da ta fara yi shi ne ta faɗa wa waken wani, mai gonar ya taso da fartanya yana faɗa, da ya ga ni ce ya sauke murya ya yi mini gaisuwa. Ranar yawo kawai ta yi da ni, nan ta ci, can ta ci. Duk inda ta tsaya sai in cire takalmi in riƙa jan ƙafa cikin ciyawa, ina tsoron maciji, ina kuma tsoron in wuce shi da taku ɗaya. Na tsinci gwangwani, na tsinci ƙashin tunkiya, na tsinci guntun lauje. Ƙarangiya ta cika mini zane. Na dawo da yamma ƙafafuna duk ƙaya.

Haka na yi ta komawa. Matan gida suka fara cewa baƙin ciki ya taɓa mini kai. Wataƙila ma da gaskiyarsu, don har magana nake yi da goɗiyar. In ce, "Ke fa kina wurin. Ke kaɗai kika gani. Ki kai ni mana." Ita kuwa sai kaɗa jela.

Sai na tuna Malam ba ya ba ta komai da safe in za su fita, ni kuwa don tausayi sai na cika ta da dusa. Da ya rage kwana ɗaya a kai ta kasuwa, na bar ta da yunwa. Muna shiga makiyaya ba ta tsaya ko'ina ba. Ta miƙe gabas da sauri ina binta ina haki, ta gangara wani kwari mai damshi inda ban taɓa zuwa ba, ta dasa kai. Inuwa ɗaya ce a wurin, wata kanya. A gindinta ga wani faffaɗan dutse, irin wanda mutum zai zauna.

Na daɗe a tsaye ban iya matsawa ba. Sannan na durƙusa na soma tona da hannu. Gara ta yi gini a jikin saiwa. Na fasa ginin da guntun laujen nan, sai na ji ya bugi ƙarfe. Fatar duk an cinye, sai wani ɗan guntu baƙi a jikin zoben. Ƙarfen ya yi tsatsa amma yana nan ɗungurungum. Na zauna a kan dutsen na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawar Malam.

Ban wanke linzamin ba, ban ma biya gida ba. Na ɗaure goɗiyar a ƙofar gidan Yaya na yi sallama. Idonsa ya fara rauni, don haka da yatsu ya bi shi, ya shafa zoben, ya shafa wurin da maƙeri ya haɗa. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Shi ne. Ina fatar?"

Na ce, "Gara ta ci, Yaya."

Ya ce, "Ba komai. Na yafe. Tashi ki je gida, uwar yara."

Ban tashi ba. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri da ni. A gaban jama'a aka ce saura linzami."

Ya sunkuyar da kai. Ana kiran la'asar ya sa linzamin a aljihu ya ɗauki sandarsa. Na bi shi daga nesa na tsaya a bayan katangar masallaci. Da aka sallame na ji muryarsa yana cewa jama'a su shaida, ƙaninsa ya mayar masa da kayan aro, ba ya binsa komai duniya da lahira. Liman ya ce a yi wa Malam fatiha. Na ɗaga hannuna daga inda nake, na shafa tare da su.