Bututun Kawu

Jiya a gidan burodi na ji kukan fankar nan mai siffar dodon koɗi, wadda ke zuƙe iskar ɗaki ta tura ta waje ta bututu. Nan take maƙogwarona ya tuna Kawu, Allah ya ji ƙansa.

Injin niƙan barkono gare shi a Wudil, katanga ɗaya da ɗakinmu ni da Inna, ƙanwarsa, wadda ta ƙi sayar masa da kason gadonta. Da yaji ya fara cin idonsa, sai ya sayo irin fankar. Mai ɗaurawa ya ce a juya bakin bututun wajen fili. Kawu ya nuna tagar Inna.

Da tari muke kwana, da tari muke tashi. Ko kokonmu yaji yake. Inna ta toshe tagar da tsumma, ɗakin ya koma tanda.

Na same shi yana shan fura a shagonsa, iska wasai. Na durƙusa na ce, "Kawu, Inna ta fara tarin jini."

Ya lashe ludayi ya ce, "'Yar nan, iska ta Allah ce, inda ta ga dama take bi."

Inna ta sayar masa da ɗakin, muka koma Kausani. Ko sati ba mu yi ba ya juya bututun wajen fili.

Malamai sun ce akan buɗe wa mamaci taga a kabari, ta Aljanna ko ta wuta. Allah ya yalwata wa Kawu makwancinsa. Tagar kuwa, Allah ya san wadda ta dace da shi.